Sa Mai Lalle a Tozo

Bari in faɗa tun da wuri, kada mai karatu ya wahalar da kansa yana neman wawan labarin nan: ni ne. Da ma karatuna bai yi nisa ba. A allo izu huɗu na kai na gudu, a madarasa kuwa aji uku na yi, malamin ya kira mahaifina ya ce masa benci ya fi ni riƙe darasi. Saboda haka wanda ya ga rubutuna a karkace ya yi haƙuri, mai rubutun ma a karkace ya tashi.

Jikata ce ta tono zancen, wadda nake kira amarya, ita kuma take cewa ko da zinariya za a auna mata ni ba ta so. A filin jirgi take aiki, wurin tarbar alhazai. Hausa na shiga kunnenta sarai, amma bakinta Larabci kawai yake fitarwa, kamar injin da ka zuba wa gero ya riƙa ba ka alkama. Ranar wata Juma'a ina kishingiɗe a gidanmu na unguwar Ƙurban a nan Madina ta cusa mini waya a hanci tana cewa, "Shuf ya jaddi, shuf!" wato duba kaka, duba. Na duba, sai ga wasu Turawa masu faffaɗan malafa, wai a Ostireliya. Mutum a kan doki ya kutsa cikin shanu, ya ware guda, ya yi kira aka buɗe masa ƙofa, ya kora san ya zagaya turke, ya sake zagaya wani, ya ratsa da shi tsakanin wasu biyu. Na miƙe zaune na ce, "La haula! An yi mana sata! Wannan ai wasanmu ne." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta karanta mini abin da aka rubuta a ƙasa, wai mutanen garin ne ke riƙe da wasan don kansu, ba mai biyansu: wasu su ba da aron shanu, wasu su kafa shinge, wasu su yi girki. Ta ce da Larabcinta, "To kai a naku wasan wane ɓangare kake, masu hawa ko masu aiki?" Na yi tari, na ce shayin nan ya huce a sake ɗumama shi.

Wasan namu ware muke ce masa. 'Yan'uwanmu da suka zauna a Sudan da Chadi kafin su iso nan su suka zo da shi, don can sun yi maƙwabtaka da Larabawa masu shanu. Kada mai karatu ya ɗauka dawakin ado ne da mu. Dawakin karo ne, wato amalanke, masu jan ruwa da dutse da akwatunan alhazai. Namu sunansa Haƙuri, kuma ya ci sunansa, tunda shekara guda cur mahaifina ke ɗora masa kaya, ranar hutunsa ɗaya kuma ni in hau. Sau ɗaya ake wasan a shekara, ana saura kwana biyu babbar sallah, lokacin da shanun layya suka iso daga ƙetaren teku. Wani dillali Basudane da muke kira Mai Shanu shi ke ba mu aron garkensa na yamma ɗaya, daga la'asar zuwa kiran magariba, ba don komai ba sai don shi ma a ƙuruciyarsa ya taɓa hawa. Filin yana can bayan gari, wajen da yanzu titin filin jirgi ya ratsa. A lokacin ba komai a wurin sai yashi da baƙaƙen duwatsun nan na Madina masu kaifi kamar haƙoran kare.

Masu riƙe da wasan jam'iyya muke ce musu, amma ba ofis, ba hatimi, ba takarda. Yanzu in mutum biyar za su haɗu su share bakin masallaci sai an nemo tasrihi, wato takardar izini, an buɗe zaure a waya, kowa ya turo hoton babban yatsa daga kan gadonsa, tsintsiya kuma tana jingine tana jiran Bangali mai shara. Mu a da, sati guda kafin ranar, da an sallame asuba za ka ji guduma na dukan turke, kam, kam, kam, tana amsawa daga jikin dutse. Masu gonar dabino su kawo zarɓa a ɗaure shinge. Masu karo su jero da gangunan ruwa a yayyafa wa ƙasa don kada ƙura ta rufe wa mahayi ido. Wani makaho ma yana zuwa, aikinsa tufka igiya, yana yi yana zagin duk wanda ya taka masa ita. Can gefe ƙarƙashin rumfa mata na daka, turmi uku na amsa wa juna, warin albasa da hayaƙin itace na bin iska, Hausar Kano da ta Damagaram da ta Sudan na cakuɗe da Larabci har ba ka san inda wata ta ƙare wata ta fara ba. Wanda ya zo ya ci, wanda bai ɗaga ko tsinke ba ma ya ci, sai dai zai ci da baƙar magana a kai.

Shugaban jam'iyyar wani tsoho ne da muke kira Baba Maiƙofa, don shi ke riƙe ƙofar zariba ranar wasa, wato shingen da ake tara shanun. Idonsa ɗaya ya yi hazo, ɗayan ma ba ya hango nesa. In aka ce masa ya bar wa mai ido, sai ya ce, "Ƙofa ba ido take bi ba, baki take bi. Mahayi ya ce buɗe, in buɗe. In ya yi ƙarya, ba ni ya yi wa ba." Dokokinsa uku ne, kuma kullum da yatsu yake ƙirga mana su kamar mu ne ba mu da ido. Ba ka hawa sai ka tsince duwatsun rabonka na fili. Ba a korar sa guda sau biyu. Kuma ba a taɓa san da aka shafa wa lalle a tozo, don wannan an riga an saye shi, layyar wani ce, ajiya kawai yake yi a garke har ranar sallah. Mu samari mukan bi bayansa muna kwaikwayon tafiyarsa. Ni na fi kowa iyawa, har da rufe ido ɗaya.

A rumfar mata kuwa mai faɗa a ji ita ce Inna Mai Balila. A unguwar Anbariyya take zama da tukunyarta ta balila, wato dafaffen wake, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma ba yaron da ya tashi a unguwarmu bai ci gyaranta ba. Da ƙafa ta zo ƙasar nan. Ta bar gida tana amarya, ta iso da furfura a goshi, ta binne miji a hanya, ba ɗa ba jika. Tun da ta zo ba a taɓa yanka ko akuya da sunanta ba. Naman sallah sai dai a aiko mata a kwano, ta yi godiya. Takan ce, "Na gaji da cewa an gode. Ina so kafin in kwanta dama ni ma in ji an ce Inna an gode." A wannan shekarar ita da tsofaffi shida na rumfar suka haɗa abin da suka daɗe suna tarawa suka sayi sa guda. Wani malami ɗan gida ya ce a can ƙasarmu ba a haɗa hannu a layya, ta ce masa ta ji da kunnenta a Harami an ce mutum bakwai na iya tarayya a sa ɗaya, kuma Harami ya fi kusa da ita. Jan sa ne, matashi, wuya kamar turmi. Da kanta ta kwaɓa lalle ta shiga zariba, maza na ce mata "Inna a hankali," ta manna tafin hannunta a gefen hagu na tozonsa. Yatsu biyar suka fito raɗau. Kullum da yamma sai ta kawo masa ɓawon kankana tana yi masa hira.

Rabona na fili shi ne kewayen turke na biyu. Turakun namu kututturen dabino ne, ƙofar ƙarshe kuma ganguna biyu. Na je da diga, na tono dutse ɗaya, na tono na biyu, na uku ya ce bai san zancen ba. Kansa kawai ya leƙo, jikinsa na can ƙasa, sai an yi rabin yini ana haƙa. Rana ta take, ga Haƙuri ban wanke shi ba, ga sabon jan rawanin da na aro ban gwada naɗa shi ba. Na waiga dama na waiga hagu, na tura yashi da ƙafa na rufe dutsen, har na lallaɓa wurin da tafin hannu kamar mai shimfiɗa wa baƙo. Da zan wuce Baba Maiƙofa ya ce, "Ka gama, ya walad?" Wato yaro, da Larabci.

Na ce, "Tas, Baba. Ko jariri ka kwantar a wurin ba zai farka ba."

Ya ce, "Madalla. Fili dai ba ya rufa wa kowa asiri."

Na yi dariya, na ɗauka irin maganganunsa ne na tsufa.

Ranar wasa ƙuri'a ta jefa ni ƙarshe. Kafin ni wani dogon ɗan Chadi ya hau, wanda tun muna yara ba ma ga maciji, ya yi kora mai kyau, ya shigar da sansa tsakanin ganguna kamar zare a allura. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya biyo ta gabana yana share gumi ya ce, "Ya ɗan birni, na rage maka tsofaffi biyu a ciki. Ka bi su a hankali, sa'o'in kakanka ne." Da na shiga zariba na ga gaskiyarsa. Duk masu jini a jika an kore su, an ɗaura musu igiya a ƙaho alamar sun yi nasu. Saura wasu ramammu biyu da ko wuta ka sa musu a wutsiya ba za su yi sauri ba, kuma sa mara gudu ba ya ba mahayi suna. Sai jan san nan, yana tsaye a tsakiya yana huci, bai san an yi wani wasa ba.

Da a ce ban ga lallen ba, da yau ina da abin faɗa wa jikata. Na gan shi. Yatsu biyar, har na ga inda ɗan ƙaramin ya ɗan goge. Abin da na ce wa raina shi ne, kewaye biyu ne kawai, minti nawa ne, zai dawo lafiya, Inna ta yi faɗa, jama'a su yi dariya, ɗan Chadi ya haɗiye harshensa. Na sa Haƙuri ya ratsa tsakaninsa da sauran, na tare shi ya juya, na sake tarewa, kuma duk juyin da zan yi sai na tabbata gefen damansa ne ke fuskantar ƙofa da rumfa. Wannan dabarar ita ta fi ci mini rai har yau, don wanda ya yi kuskure ba ya zaɓen gefe. Na ɗaga murya na ce, "Buɗe!"

Baba Maiƙofa ya ɗora hannu a kan sakata ya ce, "Ka duba tozonsa?"

Na ce, "Na duba, Baba. Fes yake."

Ya buɗe.

Wallahi ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a wannan ɗan lokacin ban sake jin irinsa ba. San ya fita kamar an harba shi, Haƙuri ya manta shi dokin karo ne, kafaɗarsa na gogar haƙarƙarin san, iska na kaɗa jelar rawanina. Muka nufi turke na farko, guɗa ta tashi. Da muka zagayo, gefen hagunsa ya juyo wajen rumfa, sai guɗar ta yanke a tsakiya kamar an toshe bakin mai yi. Na ji muryar Inna, siririya, ta ce, "Wayyo, namu ne! Kai yaro, namu ne!" Alƙalin wasa ya kaɗa bulala, tau, wato a tsaya. Ya sake kaɗawa. Na sunkuyar da kai kamar iska ta toshe mini kunne, na ƙara wa Haƙuri ƙaimi. Turke ɗaya ya rage da ganguna.

A turke na biyu na matse san ya shiga kwana, sai na ji ƙas, irin ƙarar busasshiyar zarɓa in an taka ta. Ya kife da ƙirji, ya mirgina, ƙura ta tashi. Ya yunƙura zai miƙe, ƙafarsa ta gaba na reto daga gwiwa. Ya sake yunƙurawa, ya koma ya kwanta yana wani irin nishi. Har kukan tukunya a kan murhu ina ji.

Baba Maiƙofa ya tako daga ƙofa a hankali, da wannan tafiyar tasa da nake kwaikwaya. Bai dube ni ba. Ya durƙusa kusa da turken yana shafa ƙasa da hannu, ya share yashi, ya share, sai ga kan baƙin dutsen. Ya daɗe yana shafa shi. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Nan rabon wa ne?" Ba wanda bai sani ba. Ni kuwa ina kan doki da aron rawani, na rasa ta inda ake sauka.

Aka kira mahauci, don ba yadda za a bar dabba cikin wannan azaba har kwana biyu. Inna ta tambayi malam ko in an yanka yanzu da niyyar layya zai yiwu. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, nama ne halal, amma lokaci bai shiga ba." Ta ce to. Ta matsa ta dafa tozon, daidai kan hannunta na lalle, ta riƙe har aka gama. Maza suka yi ta kai da kawo a kan a nemo musu wani san, amma kafin a ankara garken duk ya shiga hannun masu saye, abin da ya rage ramammun nan biyu ne, su ma malam ya duba ya girgiza kai. Mai Shanu ya zo a fusace, yana cewa da wane ido zai kalli masu ba shi ajiya. Kafin in buɗe baki Baba Maiƙofa ya ce, "Ni na buɗe ƙofa. Da ni za ka yi." Mai Shanu ya ce shi da ba da aron ko akuya har abada, kuma ya cika maganarsa. Daga ranar ba a sake yin ware a Madina ba. Baba bai sake kafa turke ba, makaho ya rasa wanda zai zaga, rumfa ta zama itacen girki. In na ce zamani ne ya kashe wasanmu, kamar yadda nake faɗa wa yara in mun bi titin a mota, to zamanin jan rawani ya naɗa.

Tsofaffin nan bakwai suka raba naman gida gida, ga duk wanda ya yi aiki a fili. Har gidanmu aka aiko da kaso. Mahaifiyata ta ce ita ba za ta iya dafawa ba. Mahaifina ya ce za ta dafa, kuma ni zan ci. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Ya zaunar da ni a gabansa ya tura mini kwanon, ya naɗe hannu yana kallona har na cinye. Na sha bulala a wurin malaman allo, amma ba wadda ta shige ni kamar wannan romon.

Inna ba ta ga wata layyar ba, a watan Rajab aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Na faɗi wannan yanzu don in na kai inda za ni ba zan iya ƙara komai ba.

Ranar sallah mahaifina ya yanka ragonsa. Ina tsaye ana fiɗa sai wata dabara ta faɗo mini, irin dabarun da ke zo wa mai izu huɗu. Na roƙi mahaifiyata cinya guda, mai kitse, na ɗora a babban tire, na rufe da farin ƙyalle. Duk hanya ina tsara jawabi, har da ayar da na tuna rabinta. A raina na gama lissafi: nama ya tafi, nama ya dawo, za ta sa mini albarka, gobe in fita unguwa da kaina a sama. Ko'ina hayaƙi ne da ƙarar sara a kan itace, yara na gudu da kwanuka. Da na shiga hoshinsu, wato tsakar gidan da tsofaffin ke haya, sai na ji tsit. Su bakwai suna zaune a tabarma cikin kayan sallarsu, ga wuƙaƙe da faranti da suka wanke tun sati guda an jera a gefe, ba abin yankawa. Ranar da kowace mace a garin hannunta ke cikin maiƙo, nasu na kan cinya a bushe.

Na durƙusa na ce, "Inna, barkanku da sallah."

Ta ce, "Barka kadai, mahayi."

Jawabin ya gudu ya bar ni. Na tura tiren gabanta, na yaye ƙyallen, na ce, "Ga wannan, Inna. A madadin naku da ya... a madadin wancan."

Ta dubi cinyar, ta dube ni. Ta sa yatsa ɗaya ta turo tiren ya dawo gabana.

Ta ce, "Nama na ce maka na rasa? Naman ai har gidanku na aika. In ladan ka ɗauko mana a tiren, sauke mu raba bakwai. In ba shi ba ne, rufe abinka, ƙuda na hawa."